Ko Kun Sani? Nauru, Tsibirin Da Ya Sayar Da Ƙasarsa

Ko kun san cewa Nauru, ɗan tsibirin da ke tekun Fasifik, faɗinsa murabba'in kilomita 21 ne kacal, kuma mutanensa ba su wuce 13,000 ba? Duk da ƙanƙantarsa, a shekarun 1970 yana cikin ƙasashen da kuɗin shigar kowane ɗan ƙasa ya fi yawa a duniya.

Sirrin arzikin shi ne sinadarin fosfet, wanda ake yin takin zamani da shi. An gano shi a tsibirin a 1900, Turawa suka yi ta haƙa suna lodi a jiragen ruwa. Da Nauru ta sami 'yancin kai a 1968, ribar ta koma hannun 'yan ƙasa, kuɗi suka yi ta shigowa kamar ruwan sama.

Amma fosfet ɗin ya ja baya, dukiyar da aka tara ta salwanta a jarin da bai yi albarka ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar ya zama ramuka da duwatsu, ba ya nomuwa. Yau Nauru ta dogara ga kuɗin lasisin kamun kifi da tallafin Ostareliya.

Gaskiyar Bahaushe: ajiya maganin wata rana.