Wa Ya Zaɓi Launin Hoton Tauraron Ɗan'adam?

Da wuya a yi taro kan kwararowar hamada ko ƙafewar Tafkin Chadi ba a haska hoton tauraron ɗan'adam a bango ba. Mahalarta sukan gyaɗa kai, domin an ce gani ya kori ji. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne, tauraron lambobi yake aikowa ƙasa, sannan wani mutum ya zauna gaban kwamfuta ya zaɓa wa lambobin launi. Ina ganin lokaci ya yi da ɗalibanmu za su iya wannan aiki da hannunsu.

Mu ɗauki Landsat 8, wanda Amurka ta harba a 2013. Duk kwana 16 yakan sake bi ta kan wuri ɗaya, yana auna hasken da ke tasowa daga doron ƙasa a zango 11 daban-daban. Zango na 2 na shuɗin haske ne, na 3 na kore, na 4 na ja, na 5 kuwa na wani haske ne da ke gaba da ja, wanda idon ɗan'adam ba ya gani. A waɗannan zangunan kowane ɗigo na hoton yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi. Kowane zango jadawalin lambobi ne, in aka zana shi shi kaɗai baƙi da fari zai fito.

A nan manhajar ƙididdiga ta R take shigowa. Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Auckland, kuma kyauta ake sauke ta. Allon kwamfuta da launi uku yake haɗa kowane hoto: ja, kore da shuɗi. Saboda haka umarnin plotRGB na kunshin terra yakan nemi mai aiki ya zaɓi zango uku, ya ba kowanne launi guda. In ya jera 4, 3, 2, ƙasa za ta fito kamar yadda ido ya saba ganinta. In ya jera 5, 4, 3, duk wani ɗanyen ganye zai koma ja wur, ruwa mai tsabta ya yi duhu. Dalili shi ne lafiyayyen ganye yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, yana mayar da hasken gaba da ja da ƙarfi, ruwa kuwa shanye shi yake yi. A kan wannan bambanci aka gina ma'aunin NDVI: a debe lambar zango na 4 daga ta zango na 5, a raba da jimillarsu, sakamakon ya faɗa tsakanin -1 da 1. Gwargwadon kusancinsa da 1, gwargwadon yawan tsirrai.

Zaɓin mai zane bai tsaya nan ba. Shi yake yanke lambar da za ta zama mafi duhu da wadda za ta zama mafi haske, kuma da wannan kaɗai ana iya sa fili ɗaya ya yi kama da dausayi ko da faƙo. Shi yake zaɓar ranar da aka ɗauki hoton. Wanda ya jera hoton watan Satumba na wata shekara da na watan Afrilu na wata, ya ce hamada ta ci ƙasa, damina da rani kawai ya nuna mana. Ga hazon hunturu da gajimaren damina, su ma suna gurɓata lambobi.

Tafkin Chadi ya isa misali. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi ƙwarai. Wannan gaskiya ne. Sai dai tun daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, kuma wani kaso mai yawa nasa yana kwance ƙarƙashin ciyayin ruwa. Mai zanen da ya ƙirga ɗigon da suka yi duhu kaɗai zai ɗauki wannan yanki a matsayin tudu. Sai an haɗa da zangon da ke auna zafi ake gane shi, domin ciyawar da ke tsaye cikin ruwa ta fi busasshiyar ƙasa sanyi da rana. Ana kafa shawarwari masu cin maƙudan kuɗi, irin na janyo ruwa daga yankin Kogin Kongo, a kan irin waɗannan hotuna, saboda haka sanin yadda aka zana su ya shafi aljihun kowa.

Ba mu da uzurin tsada. Tun 2008 aka buɗe taskar Landsat kyauta, tana ɗauke da hotuna tun daga 1972. Sentinel-2 na Turai yana da zango 13, wasunsu ɗigonsu mita 10 ne, shi ma kyauta ne. Ilimin kuma ba baƙo ba ne a yankinmu: cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003. Ɗalibi mai ƙaramar kwamfuta da intanet zai iya bin yaɗuwar kacalla a dausayin Haɗeja da Nguru shekara bayan shekara, ko ya duba ko itatuwan da aka ce an dasa a shirin Babbar Koriyar Ganuwa sun rayu. Ya ma fi baƙo dama, domin zai iya hawa babur ya je ya tabbatar ko jan da ya gani a allo shinkafa ce ko kacalla.

Kirana ga sassan nazarin ƙasa, noma da ƙididdiga na jami'o'inmu shi ne su sa wannan darasi tun a shekarun farko, a kuma yi shi da hotunan garuruwan ɗaliban. Ga 'yan jarida da 'yan majalisa kuwa, duk wanda ya kawo muku hoton tauraron ɗan'adam a matsayin hujja, ku tambaye shi zangunan da ya haɗa, da watan da aka ɗauki hoton, da ko an je wurin an gani da ido. In ya kasa amsawa, kada ku sa hannu.