Katin Tarot: Nazarin Kai Ne Ko Duba?

Mai bibiyar TikTok a Haɗeja kan ci karo da katin tarot, ana tallata shi a matsayin hanyar samun nutsuwa da nazarin kai.

Kati ne guda 78. Daga ciki 22 manya ne, masu zanen Rana, Wata, Hasumiya, Mutuwa da makamantansu. Ya samo asali a arewacin Italiya a ƙarni na 15, don wasan karta kawai. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka mai da shi kayan duba a Faransa.

Masu amfani da shi don nazarin kai sun ce ba gaibu suke nema ba. Mutum zai zaro kati ɗaya, ya ƙura wa zanen ido, ya tambayi kansa abin da ya tuna masa. Manomin shinkafar da ambaliyar Kogin Haɗeja ta cinye wa gona, in ya ga hasumiya tana rushewa, asarar da ya danne a zuci ce za ta taso. Amsar daga zuciyarsa take fitowa.

Sai dai da zarar an tambayi kati abin da gobe za ta haifar, an shiga duba, ɗan'uwan bugun ƙasa, wanda malamai suka haramta.

Mai neman nutsuwa yana da muhasaba, wato yi wa kai hisabi. Bayan sallar Isha'i ka keɓe, ka tuno wanda ka ɓata wa rai yau, da abin da ke tsorata ka, da abin da za ka gyara. In shawara ta shige maka duhu, ga sallar istihara.