Ƙayyade Shan Ruwa ga Mai Raunin Zuciya

Hausawa kan ce ruwa abokin aiki, amma ga mai raunin zuciya abokin kan zama kaya idan ya yi yawa. Dalili kuwa shi ne, zuciyar da ta gaza harba jini yadda ya kamata takan sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Sai ruwan ya taru, ƙafafu su kumbura, huhu ya cika, haki ya hana mutum kwanciya.

Ba kowane majiyyaci ake taƙaita wa ruwa ba. Wanda cutarsa ta tsananta ne likita kan yanka masa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar ruwa uku zuwa huɗu. A nan ne mutane da yawa kan yi kuskure, domin koko da kunu da fura da shayi da romo duk suna cikin lissafin nan. Haka kuma gishiri da dunƙule da kanwa su ne ke kawo ƙishi, su kuma tsare ruwa a jiki. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta gazawar zuciyar masu jego da kunun kanwa.

Ma'auni shi ne shaida mafi gaskiya. Majiyyaci ya auna nauyinsa kowace safiya. In ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ya garzaya asibiti. A bazara kuwa, ko lokacin gudawa, ya tuntuɓi likita a sake masa adadin, don kada a gudu gara a faɗa zago.