Ci-Rani a Ƙetare: Darasi Daga Jihar Kerala ta Indiya

A darasin ilmin halittu mun koyi cewa abubuwa huɗu ne ke sauya yawan kowace irin halitta a muhallinta: haihuwa, mutuwa, shigowa da kuma fita. Tsuntsu yakan bar inda abinci ya yi ƙaranci ya nufi inda yake da yalwa. Ɗan Adam ma haka yake, sai dai shi in ya tafi yakan aiko wa na gida da abin da ya samo. Wannan aike shi ke iya sauya tattalin arzikin ƙasa, kamar yadda za mu gani a Kerala.

Kerala jiha ce a kudu maso yammacin Indiya. Ƙidayar 2011 ta nuna tana da mutane fiye da miliyan 33, kuma ta fi kowace jiha a ƙasar yawan masu iya karatu da rubutu. Amma masana'antunta kaɗan ne, don haka masu ilmi suka fi guraben aiki yawa. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, sai Saudiyya da Kuwait da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da maƙwabtansu suka shiga gine-gine, alhali ba su da isassun ma'aikata. Nan fa magina da direbobi da ma'aikatan jinya na Kerala suka yi ta tsallaka teku. Wanda ya riga zuwa ya samar wa ɗan'uwansa aiki, shi kuma ya jawo wani. Binciken da aka yi a jihar a 2018 ya ƙiyasta cewa mutanenta kimanin miliyan 2.1 ne ke ƙasashen waje, kusan tara cikin goma a yankin Tekun Fasha.

Amfanin a fili yake. Kuɗin da ake aikowa ya biya basussuka, ya gina gidaje, ya sa yara makaranta, ya rage talauci. Ƙasa kuma ta sami kuɗin musaya. A 2022 abin da 'yan Indiya mazauna waje suka aika gida ya haura dala biliyan 100, adadin da babu ƙasar da ta taɓa kaiwa kafin nan.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Da majiya ƙarfi suka tafi, ladan ƙwadago ya tashi, noman shinkafa ya rage riba. Wannan na cikin dalilan da suka sa gonakin shinkafa suka ragu daga hekta fiye da 800,000 a tsakiyar shekarun 1970 zuwa kimanin 200,000 bayan shekara arba'in. Gurbin waɗanda suka fita kuwa sai 'yan ci-rani daga jihohin Bengal ta Yamma da Bihar da Asam suka cike shi. Bugu da ƙari, yawancin kuɗin ya tafi ga filaye da gidaje da zinariya, ba ga sana'o'in da za su ɗauki ma'aikata ba. A gidaje da dama kuma mata da tsofaffi ne aka bari da ɗawainiya.

Babban haɗarin shi ne dogaro. Sa'ad da Iraƙi ta mamaye Kuwait a 1990, sai da Indiya ta kwaso mutanenta kimanin 170,000 a jiragen sama. A 2020 annobar korona ta sake koro dubun dubata gida babu aikin yi.

Saboda haka, ɗalibi ya lura: kuɗin ci-rani kamar ruwan damina yake, ba mai shi ke da iko da saukarsa ba. Ƙasar da ta haƙa masa tafki, wato ta juya shi zuwa sana'a da masana'antu, ita za ta sha a lokacin rani.