Teburin kasuwa: dabarun da ke hana katako tafiya a banza

A Waca, kamar sauran garuruwan Magarya da Dungas da ke dab da iyaka, akasarin katakon tebur da benci daga Nijeriya yake shigowa. Rufe iyakar da aka yi a watan Agusta na 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun nuna mana yadda katako ke iya yin tsada dare ɗaya. Ga shi kuma gawo ba a saransa sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Saboda haka duk wanda zai haɗa teburin sana'a a gida, ko zai sa yaro ya gyara masa, ya kamata ya san inda asara take shigowa.

A iya abin da muka gani, wajen yankan ƙafafu ne. Sai a auna kowace ƙafa daban, a ja layi, a sa zarto, daga ƙarshe ɗaya ta gaza ƴan'uwanta. Shi ne za ki ga mai tumatir ta tokare tebur da dutse, tana awo tiya tana karkacewa, mai saye yana zargin an rage masa.

Maganin ba ya cin ko dala. A samu ragowar katako uku a haɗa su da ƙusa kamar kwamin dabbobi, ɗaya a ƙasa, biyu a gefe. A tsaga gefunan biyu da zarto, tsaga miƙaƙƙiya daidai da juna: nan ce hanyar zarto kullum. Sannan a auna tsawon ƙafar daga tsagar, a buga ɗan guntu a ciki ya zama matokari. Kowace ƙafa a tura ta sai ta dungure shi, a yanke. Awo ɗaya ke nan, ƙafa huɗu, ko ma ashirin in tebur biyar ne.

To, yaya za a san kusurwa ta tsaya daidai? A auna santimita 30 a gefe guda, 40 a ɗaya gefen. In tsakanin alamomin biyu ya ba da 50 cif, ta yi. Magina ma haka suke fitar da harsashin ɗaki.

Abin matse katako kuwa, robar cikin tayar babur ta isa: a yanka ta sala-sala a naɗe da ƙarfi kafin a buga. Ƙusar kanta a ɗan dakushe bakinta da guduma, ba za ta tsaga katako ba.

Saura gara. Da yawa suna shafa baƙin mai, kuma yana taimakawa, amma a tsaya a ƙasan ƙafafu. Mun sha ganin an malala shi har saman teburin da ake ɗora ƙosai da nama, alhali guba ne. Saman tebur a goge shi sumul, a shimfiɗa leda mai kauri.