Me ke lanƙwasa bawul ɗin babur ɗin albasa?

Babur ne na jigilar albasa daga lambunan Azarori zuwa kasuwar Madawa. Mai shi ya so ƙarin ƙarfi don buhuna sun yi nauyi, aka gyara masa injin, fistan sabo, bawul sabbi. Cikin gari lafiya lau yake tafiya. Da ya hau kwalta ta hanyar Galmi ya murɗa totur, sai ƙara kwas, injin ya mutu. Aka kai shi garejin wani makanike aka buɗe, bawul ɗin fitar hayaƙi ya lanƙwashe. Aka sa wani, shi ma haka.

Yaron gareji ya ce, "Maigida, kayan jabu ne." Makaniken bai yarda ba, don ya ga ɗan tabo mai sheƙi a saman fistan, daidai ƙarƙashin bawul ɗin. Ƙarfe ya taɓa ƙarfe ke nan. Ya duba sarƙar taimin, alamomi na nan kusa da wurinsu, ba ta tsallake haƙori ba. Ratar bawul ma daidai take. To me ya kawo fistan da bawul wuri ɗaya?

Sai ya tambayi mai babur abin da aka yi wa kan injin. Ashe an kai shi an aske ƙasansa don matsin ya ƙaru. Askin nan ɓarna biyu yake yi. Yana sauko da bawul kusa da fistan, kuma yana rage tazarar da sarƙa ke bi, sai kam ɗin da ke buɗe bawul ya riƙa makara kaɗan. Bawul ɗin hayaƙi yana rufewa ne daidai lokacin da fistan ke tasowa a bayansa, wajen digiri 10 kafin fistan ya kai ƙololuwa suka fi kusantar juna. In ya makara, fistan ya cim masa. A hankali bawul yana tsira da ƙyar. Da gudu kuwa zafi ya ƙara masa tsawo, sifirin kuma bai maido shi da wuri ba.

Zato bai isa ba, sai an auna. Makaniken ya murza yumɓu mai laushi ya shimfiɗa a kan fistan, ya shafa wa bawul mai don kada ya manne, ya ɗaure kai da tsohon gaskit, ya juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. Ya kwance, ya yanka yumɓun da reza a inda bawul ya danna. Kaurin bai kai rabin milimita ba. Masu haɗa injin tsere a Amurka sukan bar kamar milimita 2 ga bawul ɗin shiga, 2.5 ga na hayaƙi. Ƙaramin injin babur yana jure ƙasa da haka, amma ba rabin milimita ba.

Abin da ke damuna shi ne awon nan yumɓu da reza kawai yake ci, amma an bar mai babur ya sayi bawul sau biyu a tsakiyar kakar albasa. Makaniken ya sa gaskit mai kauri, ya ɗan zurfafa gurbin bawul a fistan, ya sake auna yumɓu kafin ya ɗaure.