Wasan Team Fortress 2: Yadda Talla Ta Jawo Aka Toshe Hanyar Zaurukan Jama'a

A jihar Washinton ta ƙasar Amurka akwai wani kamfani wai shi Valve, aikinsa ƙera wasannin kwamfuta da sayar da su. Cikin watan Oktoba na 2007 ya fid da wani wasa mai suna Team Fortress 2. Wasan yaƙi ne na raha, a kan kasu ƙungiya biyu, ja da shuɗiya, galibi mutum 12 kowane gefe, kowa yana gidansa gaban kwamfutarsa, intanet ce ke haɗa su. Abin da ya sa muka kawo labarinsa, wani saɓani ne da ya auku tsakanin kamfanin da mutanen da suka ɗauki nauyin wasan da aljihunsu. Duk wanda ya taɓa riƙon jama'a, ko a ofis ko a makaranta, zai gane irinsa.

Kafin mutum 24 su yi wasa tare, sai da wata kwamfuta ta musamman wadda za su taru a kanta. Ita ke riƙe da fili, ita ke lissafin wanda ya ci da wanda aka ci. Masana suna kiranta saba, amma mu a nan za mu kira ta zaure, gama aikinsu ɗaya ne, watau wurin haɗuwa, mai shi kuwa shi ke shimfiɗa tabarma, shi ke korar marar kunya. A shekarun farko yawancin zaurukan na jama'a ne. Mutum ɗaya, ko abokai kaɗan, su yi karo-karo su kama hayar kwamfuta wata-wata, su kafa dokokinsu, su naɗa masu tsaro. Mai son wasa sai ya buɗe jerin zauruka, ya duba suna da yawan waɗanda ke ciki, ya zaɓa. In ya ji daɗi gobe ya komo, har a san shi, a riƙa gaisawa.

Tun da wuri ha'inci ya shigo. Ba mai son shiga zauren da ba kowa, saboda haka waɗansu suka riƙa nuna lissafin ƙarya, kamar yadda a kan zaunar da fasinjojin ƙarya cikin mota a tasha don mai tafiya ya zaci ta kusa cika. Cikin watan Maris na 2009 kamfanin ya bayyana dabarar da ya yi musu. Duk sa'ad da mutum ya shiga zaure a kan rage wa zauren maki 15, sa'an nan kowane minti da ya yi a ciki a ƙara masa maki 1, har iyakar 45. Zauren da mutane ke shiga suna fita nan da nan makinsa zai yi ta faɗuwa, har a soke sunansa daga jerin. Lalle wannan doka da hikima take, domin ba ta taɓa mai gaskiya ba, kuma abin da take auna shi ne zaman baƙo.

Cikin watan Yuni na 2011 aka mai da wasan kyauta, baƙi suka yi ta kwararowa, yawancinsu ba su san yadda ake duba jerin zauruka ba. Aka yi musu wani maɓalli mai suna Quickplay. Da mutum ya danna shi, sai na'ura ta zaɓa masa zaure ta jefa shi ciki, ko na kamfani ko na jama'a. Ga shi dai dillali ne, amma dillalin da kusan kowane baƙo sai ta hannunsa ya ke bi. Zauren da ya nufa da mutane ya cika, wanda ya tsallake ya bushe.

To, a nan talla ta shigo. Kowane zaure yana da allon sanarwa da mai shiga ke fara gani, inda a kan rubuta maraba da dokoki, allon kuwa yana iya nuna shafin intanet. Kamfanonin talla, wanda aka fi sani cikinsu shi ne Pinion, suka ce wa masu zaure su sa bidiyon talla a allon, a biya su gwargwadon yawan waɗanda suka gani. Ga mai zaure na kirki wannan taimako ne, gama kuɗin haya ba ya jira. Amma a lura da abin da ya juya. Dokar 2009 tana saka wa wanda ya riƙe baƙo, ita kuwa talla tana biyan wanda baƙi suka ratsa ƙofarsa, ko sun zauna ko ba su zauna ba. Nan da nan waɗansu suka buɗe zauruka barkatai ba mai tsaro, ba abin da suke nufi sai dillali ya zubo musu mutane. Waɗansu suka hana a rufe allon sai an gama kallo, waɗansu suka riƙa sake buɗe shi ana tsakiyar wasa, ga ƙara mai kashe kunne.

A 2013 kamfanin ya fara da hana allon ya buɗu fiye da sau ɗaya ga wanda dillali ya kawo, daga baya ya hana nuna masa shafin intanet ɗungum. A ganinmu da an tsaya nan da an yi daidai, tun da yake an riga an datse ribar masu kwaɗayi. Amma cikin watan Janairu na 2014 aka gyara Quickplay, ya zama ba ya kai mutum ko'ina sai zaurukan kamfani, sai fa in shi da kansa ya nemi wani ɗan akwati ya sake zaɓi. Baƙo ina ya san da akwatin? Cikin watan Yuli na 2016 aka yi babban gyara mai suna Meet Your Match, aka cire Quickplay gaba ɗaya, aka kawo sabon tsarin haɗa 'yan wasa wanda ba ruwansa da zaurukan jama'a. Ba a hana kowa buɗe zaure ba, ba a kuwa soke jerin ba. Hanyar baƙi kawai aka karkatar. Zaure kuwa da baƙi ya ke rayuwa, gama tsofaffin 'yan wasa kullum raguwa suke, wani ya yi aure, wani aiki ya yi masa yawa. Zauruka masu yawa da suka shekara da jama'arsu suka rufe, waɗanda ba su taɓa sa talla ba su ma abin ya ci su. Malami ya san wannan irin hukunci, watau a hana aji duka fita wasa don laifin yara biyu.

Kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin, mai wasan Minecraft, ya gamu da kwaɗayin masu zaure a 2014, ya kuwa bi wata hanya. Ya fayyace abin da ya yarda da shi: karɓar gudummawa, kuɗin shiga, sayar da kayan ado, har da talla. Ya hana sayar da abin da zai ba mai kuɗi fifiko a kan ɗan'uwansa cikin wasa. An yi gunaguni, amma kowa ya san iyakarsa.

Abin da Valve ya yi hasara bai bayyana ba sai wajen 2020, sa'ad da waɗansu mugaye suka saki mutum-mutumi, watau 'yan wasan da na'ura ke sarrafawa, cikin zaurukan kamfani. Harbinsu ba ya kuskure, suna cika wuri da zagi da ƙara, suna satar sunayen mutane, har su haɗa baki su kaɗa ƙuri'a a kori ɗan Adam. A zauren jama'a mai tsaro yana nan, da ya ga irinsu ya kore su ya rufe musu ƙofa. A na kamfani ba kowa. Cikin watan Yuni na 2020 kamfanin ya hana sababbin masu wasan kyauta yin magana cikin wasa, nan ma marar laifi ya sha tare da mai laifi, mutum-mutumi kuwa ba su ƙare ba. Mutane suka riƙa gudu zuwa zaurukan jama'a da suka rage, da sababbi irin su Uncletopia, wanda ke tafiya da gudummawar masu wasa.

Cikin watan Mayu na 2022 'yan wasa suka yi kuka da murya ɗaya, kamfanin ya amsa cewa ya ji. Da abin ya ci gaba, cikin watan Yuni na 2024 suka tara hannu fiye da 300,000 a takardar koke, a ƙarshen watan kuwa kamfanin ya kori masu mutum-mutumi da yawa, wasan ya sami sauƙi. Amma maɓallin haɗa 'yan wasa bai sake ba. Baƙon da ya danna shi zauren kamfani za a kai shi, mai son na jama'a kuwa sai ya buɗe jerin ya nema da kansa, kamar yadda a ke yi a 2007.